Tambaya: wai da gaske ana rainon ciwon dajin huhu a ɗakin gwaji don a gano maganin da zai karɓi mutum?

Ɗan_Agege ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin asibiti ku taimaka mana da haske, wallahi kanmu ya ɗaure. Mahaifinmu ne ba lafiya, ya haura shekara sittin, tsohon direban tirela ne, shekara da shekaru yana ɗauko shanu daga Arewa zuwa abbatuwar Oko-Oba. Tun bara yake tari, wani ƙaramin asibiti suka ce tibi ne suka ɗora shi kan magani har ya shanye na wata shida amma tari sai gaba yake yi, ga rama, ga numfashi sama-sama, ko matakalar masallacin unguwarmu ba ya iya hawa sai ya tsaya ya dafa bango. Daga baya aka tura mu babban asibiti aka yi masa siti sikan aka ga ƙari a huhun dama da kuma ruwa da ya taru a ƙirji. An zuƙe ruwan, an ciri 'yar tsoka da allura an kai gwaji, sakamako ya fito ciwon daji ne, irin wanda suke kira adinokasinoma. Likita ya ce a fara kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji.

To yanzu ga abin da ya kawo ni. Wani ɗan baffanmu da ke Turai ya turo mana bidiyo a WhatsApp wai can yanzu ana ɗaukar tsokar mara lafiya a raine ta a ɗakin gwaji ta girma, sunan abin oganoyid, sai a riƙa ɗiga mata magunguna kala-kala a ga wanda ya kashe ta, shi ne za a ba mutum, ba sai an wahalar da shi da kemon da ba zai yi masa aiki ba. Ana cikin haka sai aka haɗa yayana da wani mutum nan Legas da ya ce shi yana da hanya, mu karɓo masa tsokar da aka cira a asibiti zai tura waje a yi mana, amma da dala ake biya kuma mu dakata da kemo sai sakamako ya dawo. Yayana har ya fara maganar sayar da filin Baba na gida. Ni zuciyata ba ta kwanta ba amma kuma ba na so a ce ni na hana a nema masa lafiya. Shin abin nan gaskiya ne? Mu jira ko mu fara kemon?

Hajiya_Mile12 ta rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Sannu, Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne. Ni ba likita ba ce, tumatir da tattasai nake sayarwa, amma na yi jinyar maigidana da irin wannan ciwo har Allah ya karɓi abinsa. Abu ɗaya zan roƙe ku, kar ku dakata da abin da likitansa ya ce saboda maganar wani da ba ku san ofishinsa ba. Mu ma mun tsaya jiran wani mai alkawari, kafin mu koma asibiti mutumin da ke tafiya da ƙafarsa sai a keke muka tura shi. Ciwon nan ba ya jiran kowa. Kuma ka gaya wa yayanka in ji ni, kuɗin filin nan za ku buƙace su nan gaba, ga iskar oksijin, ga ƙarin jini, ga kuɗin mota kullum.

Ummi_ɗaliba ta rubuta:

Yaya Ɗan Agege sannu da jinya, Allah ya tashi kafaɗun Baba. Ni 'yar Idi-Araba ce amma karatu ya kai ni waje kuma rainon irin waɗannan abubuwa shi ne aikina na kullum, don haka bari in yi bayani da ɗan tsawo, ka yi haƙuri.

Da farko abin gaskiya ne, ba damfara ba ne a karan kansa. A 2009 wani masani ɗan Jafan, Toshiro Sato, yana aiki a ɗakin binciken Hans Clevers a birnin Utrecht na ƙasar Holan, suka nuna cewa za a iya ɗaukar ƙwayar halitta guda daga hanjin ɓera a raine ta har ta gina wani ɗan ƙulli mai fasalin bangon hanji. Daga nan aka bazama, hanta, ciki, huhu, sannan ƙari na masu ciwon daji. Amma kar ka ɗauka huhu ne guda yake tsirowa a kwalba. 'Yan ƙulle-ƙulle ne ƙanana da akasari ba su kai milimita ɗaya ba, sai da madubin ɗakin gwaji kake ganinsu da kyau.

Ga yadda muke yi. Za a kawo tsokar da ranta cikin wani ruwa mai sanyi, mu daddatsa ta da wuƙar tiyata, mu zuba mata sinadarin kolajines da ke narkar da abin da ya ɗaure ƙwayoyin, mu tace, mu wanke. Sai mu cakuɗa ƙwayoyin da wani abu mai danƙo da ake kira Matrigel, daga ƙarin jikin ɓera ake samo shi, in yana cikin sanyi ruwa ne amma da ya ji ɗumi sai ya daskare, shi ya sa kullum a kan ƙanƙara muke aiki da shi kuma hannu na rawa don in ka yi sanya sai ya daskare maka a bakin bututu ka yi asarar samfurin mutum. Mu ɗiɗɗiga shi a faranti, mu rufe da ruwan abinci mai ɗauke da sinadaran girma, mu saka a na'urar ɗumi da ke tsaye a digiri 37 da iskar kabon kashi 5 cikin ɗari. Duk bayan kwana biyu zuwa huɗu a canza ruwan. In an dace cikin mako ɗaya ko biyu ka fara ganin ƙulle-ƙullen, sai ka farfasa su ka sake rarrabawa su yawaita, kafin su isa a gwada magunguna da yawa a kansu ana cin makonni, wani lokaci fiye da wata. Wanda ake so a ajiye kuma sai a daskarar da shi a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri.

Yanzu ka lura da wannan da kyau domin shi ne ya fi damuna a labarinka. Tsokar da aka cira wa Baba aka kai gwaji, an jefa ta cikin fomalin ne sannan aka daskare ta cikin kakin kyandir don a yayyanka a duba. Fomalin yana kashe ƙwayoyin nan take. Babu ɗakin gwaji a duniyar nan da zai raini oganoyid daga ita. In mutumin nan ya ce ku karɓo masa wannan tsokar zai sa a raina, to ko bai san abin da yake faɗa ba ko kuma ya sani yana so ya ci kuɗinku. Sai dai a sake sabon cira ko a ɗebi sabon ruwan ƙirji, kuma ya isa inda za a yi aikin cikin kwana ɗaya ko biyu a cikin sanyi ba tare da ya daskare ba, da takardun izini.

Sannan ko da ya isa lafiya, huhu yana da wata matsala ta daban da ta sha kanmu. Tsokar da aka ciro daga huhu ba zalla ƙari ba ce, akwai lafiyayyun ƙwayoyin hanyar iska a cakuɗe, kuma abin mamaki a cikin faranti su ne suka fi saurin girma. Kamar manomi ne ya shuka gero ciyawa ta taso ta danne shi, sai dai a nan ciyawar kamarsu ɗaya da geron, ido kaɗai ba ya bambancewa. Masu bincike na cibiyar ciwon daji ta Holan da ke Amsterdam sun wallafa a 2020 cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na oganoyid ɗin da suka raina daga ƙarin cikin huhu, da aka bincika ƙwayoyin gadonsu sai aka tarar ba ƙari ba ne, lafiyayyen huhu ne ya mamaye, kuma gaba ɗaya kashi 17 cikin ɗari kawai suka samu na ƙari zalla. Ka ga in ba a tantance ba za a gwada magani a kan abin da ba ciwon ba ne a kawo maka takarda mai kyau da launuka. Akwai dabaru, misali ana zuba wani sinadari Nutlin-3 da ke hana lafiyayyun girma ya bar masu lalatacciyar ƙwayar gadon TP53, amma ba kowane ƙari ne ke da wannan lalacewar ba. Ruwan ƙirji irin wanda aka zuƙe wa Baba ya fi ba da fata domin ƙwayoyin hanyar iska ba sa cikinsa, kuma masana a Sin da Koriya ta Kudu sun samu sakamako mai ƙarfafa gwiwa.

Inda abin ya fi nuna kansa shi ne ciwon dajin hanji da ciki. Wani bincike da aka yi a Landan aka fitar a 2018 ya nuna duk maganin da ya kasa taɓa oganoyid ɗin mutum to a jikinsa ma bai yi aiki ba, wanda ya yi aiki a faranti kuma kashi 88 cikin ɗari ya yi a jiki. Abin farin ciki ne sosai amma mutane kaɗan ne a binciken kuma ba huhu ba ne. Ka kuma tuna faranti ba shi da jijiyoyin jini, ba hanta da za ta sarrafa magani, ba sojojin garkuwar jiki, don haka irin magungunan da ke zaburar da garkuwa ba a iya gwada su haka kai tsaye sai an yi wani haɗi na musamman.

Ina son aikin nan har raina kuma na yi imani wata rana zai canza yadda ake zaɓar magani. Amma yau, ga ciwon dajin huhu, bincike ne. Ko a nan inda nake likita ba ya riƙe kemon mara lafiya don jiran farantina.

Alhaji_AlabaRago ya rubuta:

Allah ya ba shi lafiya. 'Yata Ummi Allah ya yi miki albarka, kin yi bayani. Amma ni wani gefen nake kallo. A ɗauki naman jikin bawan Allah a kai wata ƙasa a ajiye a firiji, ko bayan ransa naman yana raye ana juya shi, wa ya san me za a yi da shi? Mu 'yan Kano ba mu manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, yara kusan 200 aka saka a gwajin, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi ta shari'a sai 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar. Abin da ya biyo baya kowa ya gani, har allurar shan inna mutane suka ƙi. Ni ba na cewa a guji asibiti, a'a, ni kaina kullum ina kan layin masu hawan jini. Cewa nake duk wanda zai taɓa jikin mahaifinka ka san sunansa, ka san wa ke sama da shi, ka san inda za ka kai ƙara. Mutumin da ku ka haɗu da shi ta waya wa zai kama muku shi?

Ummi_ɗaliba ta rubuta:

Baba Alhaji maganarku gaskiya ce kuma ba a Kano kaɗai aka yi ba. A 1951 a asibitin Johns Hopkins na Amurka an ciri tsoka daga bakin mahaifar wata baƙar fata, Henrietta Lacks, ba tare da an tambaye ta ba, ita ta rasu a shekarar amma ƙwayoyinta har yau ana amfani da su a ɗakunan gwaji na duniya, iyalanta sun fi shekara ashirin ba su sani ba. Saboda irin waɗannan ne yanzu ba na taɓa samfuri sai da takardar amincewa da mara lafiya ya sa wa hannu, an cire sunansa an sa lamba, kuma yana da ikon ya ce ya fasa a lalata. A Najeriya ma akwai kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya, NHREC, manyan asibitocin koyarwa kuma kowanne da nasa kwamitin, kuma ba a fitar da samfurin jikin mutum waje don bincike sai da rubutacciyar yarjejeniya tsakanin cibiyoyin biyu. Yaya Ɗan Agege ka tambayi mutumin nan waɗannan takardu ka ji me zai ce. Sai dai Baba ina roƙon kar tsoro ya sa mu janye gaba ɗaya, domin yawancin oganoyid ɗin da ke ajiye a duniya daga jikin Turawa da mutanen Asiya suke, in ba namu a ciki za a yi ta ƙera magani ba a san yadda yake a jikinmu ba.

Likita_Surulere ya rubuta:

Salam. Malam Ɗan Agege ina yi muku sannu. Ban ga Baba ba don haka ba zan ce ga maganin da za a ba shi ba, likitansa shi ke da wannan, amma akwai abin da nake so ka riƙe ka tafi da shi asibiti.

Burin da kuke da shi, wato a zaɓa masa maganin da ya dace da irin ciwonsa, akwai hanyar da aka riga aka tabbatar kuma ba ta buƙatar rainon komai. Tunda adinokasinoma ne, ka tambayi likita ko an duba EGFR da ALK. Wasu ƙwayoyin gado ne da in suka sami canji su ke tuƙa ciwon, kuma akwai magunguna na haɗiya da aka yi takanas dominsu, irin su gefitinib, erlotinib da osimertinib ga EGFR, crizotinib da alectinib ga ALK. Wanda ya dace ana ganin sauƙin numfashi cikin makonni, yana gida yana shan ƙwaya. Ba kowa ke da shi ba, a Turawa wajen kashi 10 zuwa 15 ne ke da canjin EGFR, a gabashin Asiya ya kan kai kusan rabi, kuma an fi samu ga waɗanda ba su taɓa shan taba ba. Abin daɗin shi ne wannan tsokar ta cikin kaki da malama Ummi ta ce ba ta rainuwa, ita ce daidai ake amfani da ita a wannan gwajin, ba sai an sake soka masa allura ba in dai ta isa. Ba ta lalacewa a hanya, ko waje za a tura a ambulan irin na wasiƙa take tafiya. Gwajin da magungunan akwai tsada ba zan ɓoye maka ba, amma in za a taɓa fili to gara a taɓa shi a kan abin da aka san amfaninsa. Shi likitan zai duba ƙarfin jikin Baba ya yanke ko a fara kemo yanzu ko akwai sararin jiran wannan sakamako.

Ruwan ƙirjin kuma yakan dawo, in kun ga numfashi ya sake tsananta kar ku jira ranar kilinik. Akwai aikin da ake yi a manne fatar huhu da bangon ƙirji don ruwan ya rasa wurin taruwa, ku tambaya. Ciwo ma kar a bar shi yana daurewa, akwai mofin na sha kuma ba laifi ba ne. In ana buƙatar gashi, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura, akwai na'urori a cibiyar ciwon daji da ke asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, LUTH, nan Idi-Araba wadda aka buɗe a 2019.

Abu na ƙarshe don sauran masu karantawa. Labarin wata shida ana shan maganin tibi ba sauƙi ya yi yawa a wurinmu. Ciwon dajin huhu shi ne ya fi kowane ciwon daji kisa a duniya, a 2022 an ƙiyasta sabbin kamu kusan miliyan 2.5 da mutuwa miliyan 1.8, amma mu nan da an ji tari da rama sai a ce tibi. In gwajin kakin da ake tofarwa bayan tari bai nuna tibi ba, ko an sha magani wata biyu ba canji, a koma a nemi ƙarin bincike. Direbobinmu na Apapa da Mile 12 su sani taba ce kan gaba amma hayaƙin dizal ma hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta saka shi cikin masu haddasa shi tun 2012.

Ɗan_Agege ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya na karanta wa yayana saƙonku a gaban Inna, ya yi shiru. Na kira mutumin na tambaye shi sunan ɗakin gwajin da takardar yarjejeniya sai ya ce sirrin kasuwanci ne, in muna so mu tura rabin kuɗi tukuna. Mun bar maganar. Likita, Baba ya sha taba da ƙuruciya amma ya bari tun kafin a haife ni, ko hakan zai hana a yi masa wannan gwajin? Sannan tsokar a wani ɗakin gwaji na kuɗi aka duba ta ba a asibitin da muke yanzu ba, za su yarda su ba mu ita?

Likita_Surulere ya rubuta:

Ba zai hana ba, duk mai adinokasinoma da ya yi nisa ana so a duba masa ko ya sha taba ko bai sha ba. Tsokar kuma ana bayarwa, ka sa likitansa ya rubuta musu takardar neman bulok ɗin kakin da gilasan da aka duba, ka je da lambar da ke saman takardar sakamako da katin shaidarka. In an yi bulok daga ruwan da aka zuƙa shi ma ka karɓo, wani lokaci ƙwayoyin cikinsa sun fi na tsokar yawa. Kar ka bar shi a mota cikin rana domin kaki ne zai yi laushi, kuma ka ɗauki hoton lambar da wayarka kafin ka miƙa wa kowa.